Turken Bijimi a Saman Dutse

"Kai ne, Sama'ilu! Kai ka karya mini ɗa!"

Inna Larai ce ta faɗo zauren mai unguwa ko sallama babu, ta wurgar da wani guntun icce a gaban jama'a. Turke ne, irin na ɗaure shanu, da igiya a wuyansa, jar ƙasa na manne a gindinsa. Sama'ilu, ɗan ƙanin mijinta marigayi, ya janye ƙafa kamar an jefo masa maciji.

"Inna, ƙaddara ce..."

"Kada ka ƙara ce mini Inna. Uwarka tana can garin Makoda."

A bayan garin akwai dutse mai kogo a ƙirjinsa, cike da kashin jemage. Da takin zamani ya gagari talaka, sai maza suka fara hawa suna ɗebowa. Najib, wani ɗan garin da ke koyar da hawan dutse a birni, ya kawo musu igiya da ɗamarar ƙugu, ya nuna musu yadda ake yi. A ɗaure a sama wuri biyu, gindin tsamiya da ƙaton dutsen da ke gefenta, in ɗaya ya saki ɗaya ya riƙe. A shimfiɗa buhu a bakin dutse kada ya ci igiya, wani kuma ya tsaya a ƙasa yana jan rarar. Larai na gonarta da ke gindin dutsen ranar tana tsinkar kuɓewa, da kunnenta ta ji.

Bayan Najib ya koma, ɗanta Iliyasu ya shirya hawa, Sama'ilu ya zagaya ta baya don ya yi ɗaurin. Tsamiya ta yi masa nisa, ga rana, ga ƙaya. Sai idonsa ya faɗa kan turken da yake ɗaure bijiminsa in ya kai shi kiwo can sama. Ya ƙulla a nan, wuri ɗaya tal, ya leƙo yana cewa, "Hau abinka, Yaya!" Alhali ruwan jiya ya jiƙa ƙasa sharkaf. Iliyasu na dab da bakin kogo ƙafarsa ta zame, turke ya tsige ya biyo shi.

Yanzu yana kwance da karyayyar cinya, ciyawa na cin gyaɗarsa, Sama'ilu kuwa na yawo a majalisa yana cewa igiyar birni ce ta tsinke. Wannan ƙaryar ta fi komai ƙona ran Larai. Da gwiwoyinta masu ciwo ta bi gindin dutsen har ta tsinto turken a cikin sabara, inda aka cusa shi.

"Ku duba," ta ce, tana ɗaga igiyar. "Ina ta tsinke? Wannan ƙullin na waye? Ba haka kake ɗaure bijiminka ba?"

"Wallahi ko bijimin bai taɓa tsige shi ba," in ji Sama'ilu.

Shi kansa ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Mai unguwa ya gyara murya. "Larai, a duba zumunci."

"Zumuncin na kwance a ɗaki, ranka ya daɗe, da tasa ake kai masa ya yi fitsari. Ni ban yi boko ba, amma na san biyu ba ɗaya ba ce." Ta juya ga Sama'ilu. "Tunda turkenka nagari ne, tashi mu je. Ni zan kafa shi da hannuna, ka ɗaura ɗamarar ka sauka, ina kallo. In ba za ka iya ba, ka faɗi abin da ka yi a ƙofar masallaci, ka ɗauki fartanya ka shiga gonar Iliyasu har ranar da zai taka ƙasa."

Ta zauna daram a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya.

"Ranka ya daɗe, tambaye shi wanne ya zaɓa. Ba mai fita sai ya ba ni amsa."