Makewayi a Gidan Takarda

…kuma na sake juya ta, karo na uku ke nan. Kibiyar nan da Ɗanbaba ya ce arewa take nunawa, na daidaita ta da hanyar Bodinga, na danne gefen takardar da ƙoƙo da ludayi kada iska ta ɗaga. To in arewa na gabana, gabas na hannun dama. Nan ba mai gyara mani, Malam. Shekara talatin ina sa goshi ƙasa ta wajen.

Ga ɗan makewayin can ƙurya. Ga sawu biyu da ya zana, ƙanana awa ƙwayar wake, inda mutum zai tsuguna. Yatsun na kallon dama.

Alƙibla suke kallo.

Da kana raye, duba ɗaya za ka yi. Kai da ba ka taɓa riƙe fensir ba, amma ba a saran ƙasa sai ka tsaya ka dubi mafitar rana. Ranar nan a Mandera — ramin makewayi ya kai gaba biyu, ka sa anka cike shi, mai gidan shina faɗa, kai kana wanke ƙafa da sauran ruwan kwaɓi. "Ba a fuskantarta, ba a ba ta baya. In ba ka so, nemi wani magini." Ka dawo ba ko sisi, munka kwana da kunu, kana dariya.

Ɗanka fa, Malam. Ɗanbaba. Shekara uku a kwalejin gini, wannan ce ta ƙarshe, kuma wannan takardar ce jarrabawarsa. Anka ce kowa ya zana gida tun daga tushe har rufi. Wasu sunka zana ofis, wasu gidan sama. Shi ya zana nawa. Jiya ya shimfiɗa ta gabana. Turanci ne ko'ina, na malamansu, amma ƙarƙashin kowace kalma ya sa Hausa da fensir, siriri, wai in na gama karantawa ya goge. Ɗa-kin In-na. Da yatsa na bi, yadda na koya a tsofaffin littattafansu na firamare, ina tuƙa tuwo ina haɗa baƙi da wasali, Safinatu tamu tana mani dariya don na ce wa "b" "d". Ɗakin Inna, da taga biyu. Ni da ban taɓa kwana ɗaki mai taga biyu ba.

Wata uku shina yi. Wata uku. Idonai sun yi ja, yatsan tsakiya ya yi kanta. Takardar kuwa shara-shara ce awa bawon albasa, ya ce guda ɗaya anka ba kowa, babu wata ko a Sakkwato, jirgi bai kawo ba. Me jirgi ke kawowa yanzu? Tawada ce, ba ta goguwa, sai a kankare da reza, in hannu ya zame ta huje. In ta huje…shekara guda kuma? Da wane ƙarfi? Gobe da safe ake karɓa. Motar Idi da zai bi ya koma makaranta na tashi bayan azahar. Ga inuwa ta fara janyewa daga bakin rumbu.

Ya tafi gaida baffansa, yanzu zai dawo.

In yi shiru mana. Wa zai gani? Malaminsu ba alƙibla zai duba ba, kauri na bango zai duba, da inda ruwa ke bi. Kuma takarda ce. Takarda. Wa ya taɓa tsugunawa cikin takarda? Mala'iku na rubuta abin da ke kan zane? Astagfirullah, ban san wannan ba, ban kai nan a karatu ba.

Hajjo ta leƙo jiya ta kan danga, bakinta ba ya hutawa. "Innar Ɗanbaba, shekara uku na boko don ya koyi abin da ubanai ya yi da ƙafa? To sai a kawo siminti mu gani." Na yi dariya don kada ta ga ta same ni. Ai ba ƙarya ta yi ba. Bi hanya daga nan Shagari har Bodinga ka gani — gine-ginen da anka fara lokacin da farar hula sunka hau, duk sun tsaya iya kafaɗa, rodi tsirara shina tsatsa, awaki na kwana a ɗakunan da ba rufi. 'Yan kwangila sun watse. Waɗanda sunka gama kwalejin bara, ɗaya na gan shi shina ɗaure buhun albasa a tasha, ya kau da kai. Sabulu ma layi ake yi masa, balle siminti.

To gidan nan…

A'a. Bari in faɗa, ba kowa sai ni da kai. Gidan nan ba za a gina shi ba. Ko za a gina, ba da ni ba, ƙirjin nan nawa na sani. In haka ne, me zai sa in taɓa masa? In naɗe, in miƙa, in ce Allah Ya yi albarka, ya tafi da farin cikinsa.

Amma ya san ni. Ya san 'yar wa nake, matar wa nake. Wata rana zai buɗe ta, ko bayan shekara goma, idonsa zai faɗa kan sawun nan biyu, ya tsaya. Zai ce, Inna ta karanta wannan, ta bi shi ɗaki ɗaki da yatsa, har rumbu ta tambaya me ya sa ya yi nesa da madafa. Ta gani. Ta gani ba ta ce komai ba. Me ya sa?

Zai gane. Wanda zai shiga gida shi ke ƙorafin makewayi. Shiruna zai gaya masa ban taɓa sa ran shiga ba, ban yarda zai iya ba, ina yaba masa ne kawai awa yaro ya gina ɗakin laka bakin rijiya.

In na yi magana, reza. In ban yi ba…

Ga sallamarsa a zaure. Shina raha da wani, muryar taka ce sak, Malam. Ya kamata in amsa. Ya kamata in ɗauke yatsana daga wurin nan kafin ya shigo, ko in bar shi inda yake — kuma hannun ya yi nauyi, ya ƙi ya zaɓa mani.