Hoton Yaya Asabe

Daren jiya wani mafarki na yi. Wai ga ni a shagona na sayar da tsofaffin kyamarori, irin masu cin fim ɗin nan, sai dai shagon a saman bishiyar mangwaro yake. Ruwan sama kuma daga ƙasa yake tasowa, kowa ya kifa lemarsa wajen ƙafafu.

Ina goge gilashin wata kyamara sai na ji sallama. Da na ɗaga kai, saura kaɗan ta suɓuce mini. Yaya Asabe ce, wadda ta raine ni bayan rasuwar innarmu. Shekara goma sha tara ke nan da muka binne ta, kuma ko hotonta ɗaya ba mu da shi, don ba ta taɓa yarda a ɗauke ta ba.

"Ɗanlami, rufe bakin mana," in ji ta. "Hoto na zo ka yi mini. Ƙarfe huɗu zan koma."

"Yaya, fim ɗaya ya rage mini, shi ma wa'adinsa ya ƙare tuntuni."

"Ni ma ai nawa ya ƙare. Ɗauko."

Sai kawai na gan mu a wani ofis. Wani bunsuru da tabarau yana zaune bayan tebur, ya ce ba a ɗaukar mamaci hoto sai da izini. Ya miƙo takarda na cike, ya karɓa ya cinye. Na sake cikewa, ya sake cinyewa. Agogon bango baya yake tafiya, amma duk da haka huɗu matsowa take. Na fara yi masa magiya.

Yaya ta dafa teburin. "Ranka ya daɗe, ka ƙoshi?"

Ya yi gyatsa. "Na ƙoshi, Hajiya. Amma sau ɗaya tak zai danna."

Sai ga mu a tsakiyar wata gonar gero. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta tsaya ƙiƙam. Na rasa inda maɓallin yake, ni da na shekara talatin a sana'ar nan.

"Kifta ido zan yi fa," ta ce.

Na danna.

A tukunyar shayi na wanke hoton, don a mafarkin haka ake yi. Launi ya fara fitowa kore-kore, yadda tsohon fim ya saba. Na ƙura ido. Ba dattijuwar da na ɗauka ba ce. Wata 'yar siririyar yarinya ce, ko sha uku ba ta kai ba, babu takalmi, ga tulu a ka, ga wani ƙaton jariri goye a bayanta, nauyinsa ya ranƙwafar da ita.

"Yaya, wace ce wannan?"

Ta leƙo ta kafaɗata, ta yi dariya. "Ni ce mana. Wancan ƙaton kuwa kai ne."

"Ashe yarinya ce ke a lokacin?"

"Da me ka zata?"

Na buɗe baki in ce mata sannu, kalmar da ban taɓa faɗa mata ba. Bakin ya motsa, amma maimakon magana sai wata ƙara ta fito, gurrr, gurrr.

Na buɗe ido. Injin markaɗen maƙwabta ne, sun tayar da shi tun da sassafe.