Randunan Iyatu na Ƙarshe

Ƙarar fashewar randa ce ta sa na jefar da tsintsiya na faɗa gidan Iyatu maginiya, maƙwabciyata a Ƙofar Kware. Na same ta durƙushe da taɓarya, ɗanta Mode yana ƙoƙarin ƙwacewa.

"Inna, mi na na haka? Aikin rani guda za ki hwashe?"

"Sake ni! Ba mai shan ruwa cikinsu."

Shekara arba'in Iyatu tana ɗibar yumɓu a gaɓar gulbin Rima, kuma ba ta ɗiba sai ta ɗanɗana. Haka uwarta ta koya mata, wai harshe ke gane yumɓun da zai jure wuta. Na taɓa raka ta ramin, ta nuna mini bangonsa hawa-hawa.

"Wanga hwari na shekarar babban ruwa na. Wanga ja, shekarar da nih haihi Mode."

A samansu akwai wani toka-toka, kaurin tafin hannu. Wannan na zamanin kuɗin man fetur ne. Da motoci suka cika gari, wani ɗan kwangila ya buɗe wurin fasa tsofaffin batura yana narka dalmar ciki, ya saki ruwan dattinsa ta kwata har gulbi. Kowace damina sai ta ƙara shimfiɗa shi a ramin Iyatu, ita kuwa tana ta lasa.

Ciwon ciki ya fara, dasashinta ya yi shuɗi, hannun da ke murza bakin tulu ya kasa riƙe ludayi. Likita ya ce dalma ce a jininta. Mode da mai unguwa suka kai ƙara, aka ce musu mai wurin da manyan soja yake cin tuwo, a yi haƙuri. Haƙuri! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shi ya je Makka ya dawo yana washe mana haƙorin zinare, ita ko kunu ba ya zama a cikinta.

Ranar da take fasa randunan, na karɓe taɓaryar daga hannunta a hankali. Randa bakwai suka rage, jajaye, ba ta taɓa gina masu kyansu ba.

"Kande," ta ce da ni, "ɗiyan mutane za su sha. Abin da yac ci ni yana cikin ƙasag ga. Yi min alkawali ba ki barin kowa ya ɗauke su."

Na yi mata. Washegari Zainaba mai fura ta zo neman randa biyu na auren 'yarta, na tare ƙofa na kore ta. Mode ya daina gaishe ni, ban damu ba.

Ranar Alhamis bayan azahar Iyatu ta cika. Ana cikin suturta ta aka aiko daga maƙabarta a kawo tukwanen rufe kabari. Mode ya shigo tsakar gida ya tsaya gaban randunan. Na miƙe, don na ɗauka baƙar magana zai gaya mini. Sai ya dube ni, idonsa jawur.

"Inna Kande, kama min."

Muka fitar da su ɗaya bayan ɗaya, maza suka ɗora a amalanke suka bi gawar. Na koma ciki ni kaɗai. A inda suka zauna sai zagaye bakwai a ƙasa, kaji na tono a ciki.