Lambar Wanda Za a Kira

"Lambar wanda za a kira, Madam," in ji Yamusa, biro a hannu, bai ko ɗago kai ba.

Matar ta karanto masa lambar mijinta, ya rubuta a layi na tara, ya yafito na bayanta. Ranar ashirin da uku ga Disamba ce, tashar Jabi ta cika maƙil da masu tafiya gida Kirsimeti. Buhunan shinkafa, jarkokin mai, kaji a ɗaure, yara suna kuka a cikin rana. Shekara goma sha ɗaya ke nan Yamusa yana zama a bencin nan yana cike manifes na motocin Jos: sunan fasinja, inda za shi, da lambar wanda za a nema idan wani abu ya faru a hanya.

Wayar da ke aljihun rigarsa ta sake girgiza. Tun safe take yi. Da motar ta cika ta tashi, ya koma bayan rumfa ya ciro ta.

Guruf ne na masoyan Elvis Gwantu, mawaƙin nan da samari suke ji a kowane keke napep. Mutum ɗari biyu da wani abu ne a ciki, kuma Yamusa bai san fuskar ko ɗaya ba. Shi ba ma'abocin waƙa ba ne. Abin da ya kai shi ciki ɗansa ne, Fu'ad, wanda ke kaɗa wa Elvis fiyano. Wata goma sha huɗu da suka wuce yaron ya ajiye karatunsa na kwalejin foli saboda kiɗa, suka yi cacar baki a tsakar gida, Yamusa ya ce masa in ya fita da fiyanon nan kada ya ƙara kiransa. Fu'ad ya fita, kuma bai kira ba. Sai wani direba ya sa Yamusa a guruf ɗin, ya zauna shiru, bai taɓa rubuta ko sallama ba. A nan yake ganin yaron a gefen bidiyo, ya duba ko ya rame, ko ya yi aski. A guruf ba a san shi da Fu'ad ba, Yatsu suke ce masa.

Ya fara karantawa a hankali, leɓensa yana motsi, don karatun nasa iyakarsa aji shida.

"Jama'a wa zai je gida? Ni oga ya hana ni hutu o," in ji wani Promise.

"Ka zauna ka ci shinkafan oga," wata Muhibba ta ba shi amsa. "Mu da babu Kirsimeti mun riga ka samun hutu, har Janairu."

"Ku bar maganar shinkafa. Talatin da ɗaya albam zai fito. Duk wanda ya saki albam bana ya je ya zauna."

"Bana dai an yi rashi wallahi. Mawaƙa uku, ɗan wasa ɗaya. Allah ya sa shekarar ta ƙare haka."

Fortune, wadda ke riƙe da guruf ɗin, ta tura hoto: Elvis da yaransa a gaban wata farar bas da asuba, za su Jos wasan jajibirin Kirsimeti. Yamusa ya buɗe hoton da yatsu biyu. Ga Fu'ad can a ƙarshe, da hular sanyi, yana rungume da jakar fiyano. Wuyansa ya ƙara tsawo.

"Malam Yamusa! Fasinja na jira!"

Ya mayar da wayar, ya koma benci. Mota biyu ya cike kafin azahar. Yana cikin ta uku wayar ta kama girgiza ba tsayawa, kamar an saka ƙwaro a aljihunsa. Ya ajiye biro.

Hoton farar bas ne a cikin rami, ƙafafunta a sama. A ƙasa an rubuta: kusa da Akwanga. Sai saƙonni suka yi ta zubowa, ya kasa bin su. Wani ya ce ƙarya ne, tsohon hoto ne. Wani ya ce ƙaninsa yana wurin. Sannan hoton Elvis ya fito, baƙi da fari, da kyandir a gefe.

Yamusa ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya nemo lambar Fu'ad da bai taɓa ba tun bara, ya danna. Muryar mace ta ce wayar a kashe take. Ya sake dannawa. Haka dai.

Friday, direban da motarsa ke kan layi, ya zo yana goge hannu da tsumma. "Baba Fu'ad, lafiya? Fuskarka ya canja."

Yamusa ya miƙa masa wayar. Friday ya duba, ya dafe kai. "Yesu. Elvis? Jiya-jiya na sa waƙarsa tun daga Keffi." Sai ya tuna, ya sauke hannu. "Yaronka yana ciki?"

"Yana ciki."

"Ka kira shi?"

"A kashe."

"To ka kwantar da hankali. Ko shata suka ɗauka sai an cike takarda, kai ma ka sani. Da wani abu ya same shi, da 'yan rod sefti sun kira ka tuntuni. Shiru alheri ne."

Yamusa ya fi kowa sanin yadda abin yake. Sau shida a aikin nan yana ciro kwafin manifes daga durowa, ya bi layi-layi yana kiran mutanen da bai sani ba. Ya san ba a kiran uba don shi uba ne. Lambar da fasinja ya bayar ita ake kira. Kuma bai san lambar wa Fu'ad yake bayarwa ba.

Ya koma kan aiki don layin ya fara surutu. Ya rubuta sunan wani tsoho a gurbin gari, ya soke. Ya tambayi wata yarinya lamba sau biyu. Wayar ya ajiye ta a kan takardar, fuskarta sama. Yana so ta yi ƙara, yana tsoron ta yi. Da ta haska da sunan Mariya, matarsa, sai ya kife ta. Me zai ce mata? Ya tashi ya zagaya rumfar mai shayi, ya je bakin get ya tsaya yana kallon motocin da ke shigowa daga hanyar Keffi kamar ɗayarsu za ta kawo masa labari, ya dawo.

Guruf kuwa ya zama gidan makoki. Kowa yana tura waƙar da ya fi so. Muhibba ta turo murya tana kuka, ba a jin abin da take cewa. Promise ya ba da labarin ranar da Elvis ya gaisa da shi a wani biki a Garki. Can sai wani ya tambaya ko albam ɗin zai fito duk da haka, aka yi masa ca, wasu kuma suka ce tambayar tana kan hanya, ai an riga an gama aikin. Aka koma lissafin waɗanda aka rasa bana, yanzu sun zama biyar. Aka fara gardamar inda za a binne shi.

Yamusa ya bi saƙonnin har ƙasa, ya koma sama, ya sake bi. Mutum tara ne a hoton asuba. Babu wanda ya tambayi sauran takwas.

Ya fara rubutawa. Yatsansa ya yi wa haruffan girma. Ya rubuta "Salamu", ya goge. Ya san in ya yi magana asirinsa ya tonu, mutum ɗari biyu za su san tsohon da ya kori ɗansa yana laɓe a cikinsu wata da watanni. Ya dubi hoton bas ɗin sau ɗaya, ya danna alamar murya, ya kai wayar bakinsa.

"Salamu alaikum. Ku yi haƙuri, ni ba na magana a nan. Allah ya ba ku haƙurin rashin da aka yi. Ni ne mahaifin Fu'ad, wanda kuke ce wa Yatsu, mai fiyano. Don Allah, don Annabi, wanda ya san halin da yake ciki ya gaya mini. Ko mene ne, a gaya mini."

Ya saki. Amsoshi suka fara shigowa.

"Allah sarki Baba."

"Kai, mun manta da 'yan band fa."

"Ku yi hankali, wa ya san wannan lamba? Irin ranan nan 'yan damfara suna fitowa."

"Promise ka ji tsoron Allah, ba ka ji muryar ba?"

Wayar ta yi ƙara a hannunsa, baƙuwar lamba. Sai da ya jingina da jikin motar Friday sannan ya ɗauka.

"Baba, sannu. Fortune ne, na guruf." Muryar yarinya ce, ta dishe. A bayanta ana jin ƙarar hanya. "Fu'ad yana da rai. Ka ji ni? Yana da rai. Ƙafa ne ya karye, da ciwo a goshi. Yana asibiti a Akwanga, na yi magana da shi ta wayan nas."

Yamusa ya tsuguna a gefen taya. "Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. 'Yata, Allah ya yi miki albarka." Ya share fuska da hannun riga. "Ke ya aka yi kika sani?"

"Ni aka kira, Baba. Tun sha ɗaya. Lambana ya sa a takarda. A ɗakin yayana yake kwana a Nyanya, shi ya sa." Sai ta ƙara da sauri, "Ya ce kana da hawan jini, ba ya so a tayar maka da hankali."

Yamusa ba shi da hawan jini. Bai sani ba ko yaron ne ya faɗi haka, ko ita ce ta ƙirƙira yanzu don ta sassauta masa. Bai tambaya ba.

"Ya ci abinci?"

"Ban sani ba. Ina hanya yanzu, mun wuce Masaka. In na isa in ce masa ka kira?"

Ya dubi ƙasa, inda baƙin mai ya jiƙa yashi. "Kada ki ce masa komai tukuna."

Ya kira Mariya ya gaya mata a taƙaice, ya bar ta tana salati. Ya je wurin ciyaman ɗin tasha ya nemi izini, aka ba wani ɗan yuniyon bencinsa. Da ya dawo, Friday yana ɗaure kaya a saman but.

"Saura mutum nawa?"

"Ɗaya."

"Ya cika. A Akwanga zan sauka."

Ya karɓi takardar daga hannun wanda ya canje shi, ya ɗora a kan bonet. A layi na goma sha huɗu ya rubuta Yamusa Zakariyya, ya rubuta Akwanga. A gurbi na ƙarshe biron ya tsaya. Sannan ya rubuta lambobi goma sha ɗaya, bai duba waya ba.

Friday ya leƙo ta kafaɗarsa. "Wannan ba lamban Madam ba ne. Na wa?"

"Ta Fu'ad."

"Ba ka ce wayarsa a kashe yake ba?"

Yamusa ya yage kwafin, ya miƙa masa, ya buɗe ƙofar baya.

"Zai kunna," ya ce.