Sallamar da Ta Shiga Kiɗan Nazeer

Jikana Nazeer ya dawo gidanmu na Gwammaja daga karatu a Turai da digirin injiniya da kuma wata 'yar garaya mai ciki kamar rabin duma, wai sunanta mandolin. Digirin yana cikin akwati. Garayar ita ke kwana gefensa.

Ga aikin da ya sa gaba. Akwai wani kiɗa da Turawa ke taruwa su fi hamsin kafin su yi shi, da masu goge da masu busa da masu ganga. Nazeer ya ɗora wa garayarsa aikin kowa. Sai ya kaɗa na masu goge ya naɗa a kwamfuta, ya dawo ya ɗora na masu busa a kai, a haka har ya zama taro shi kaɗai. Wata makarantar kiɗa a can ta ce ya aiko kafin Juma'a, in ya burge su za su ɗauke shi.

"Wato mutum hamsin ka kora daga aiki," na ce masa.

"Amarya, ke dai ki taya ni da shiru."

Malamansa na intanet sun ce ɗakin naɗa sauti sai ya yi tsit kamar kabari. Na koyar da 'yan mata shekara da shekaru, ban taɓa ganin abin kirki ya fito daga ɗakin da ya yi tsit ba. Amma ya bi su. Ya jingina katifu a taga, ya manne bango da kiret ɗin ƙwai. Maƙwabciyarmu Hajo ta ga ana shiga da kiret, kafin la'asar unguwa ta san Nazeer ya buɗe sana'ar ƙwai. Kowa ya zo saye sai ya yi sallama, Nazeer ya amsa, aiki ya lalace.

Na tuna masa fiƙihun da ya manta: in mutum ɗaya ya amsa sallama, ya ɗauke wa sauran. Na ɗauki kujera na zauna a soro ina amsawa ina sallamar masu ƙwai.

Ranar Alhamis saura zubi na ƙarshe, mai laushin nan da kullum yatsunsa ke tuntuɓe a kai. Na tashi alwala ke nan sai ga Alhaji Gali, wan mahaifinsa, mutumin da ko a asibiti ba ya rage murya. Ya wuce soro ya tsaya ƙofar ɗakin ya yi sallama. Shiru. Ya sake. Shiru. A ta uku ya ɗaga murya yadda za a ji a Goron Dutse.

Katifun sun yi aikinsu, makirfo bai kama Alhaji ba. Kunnen Nazeer ne ya kama, bakinsa kuma bai nemi izininsa ba. Yatsu na tafiya lafiya lau a karon farko, sai ga murya cikin ladabi: "Wa alaikumus salam, Baba."

Kafin ya sake sai aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba har safiyar Juma'a. Da ɗan cajin da ya rage ya aika da shi haka, yana share hawaye.

Amsa ta zo. Malaman can sun ce kiɗan ba laifi, amma muryar nan da ke amsa wa wanda ba a ji ba, ita ce zurfin tunanin da suka daɗe suna nema daga Afirka. Sun ɗauke shi, da sharaɗin ya ƙaro wani irinsa.

Ya gwada amsawa ba tare da an yi masa sallama ba. Ko ni na ji ƙarya ce. Alhaji Gali kuwa ya rantse ba zai ƙara taka gidan da ake shanya shi a ƙofa ba.

Jiya na ga Nazeer ya sa babbar riga, ya riƙo ƙullin goro, zai tafi Ƙofar Nassarawa bikon Alhaji Gali.

"Angona, me za ka ce masa?"

"Zan ce ya zo ya yi min sallama."

"Ka gaya masa sai ta uku za ka amsa?"

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.