Debe Biyar a Cikin Baka Biyu

Da roba aka ɗaure kalkuletar shugaban sashen lissafi, irin wadda ake kama gashi da ita. Sabuwar malama ta lura da ita lokacin da ya zauna a bencin baya, takardar gwajinta a kan cinyarsa. Idan ya sa hannu, ta samu aikin. Idan bai sa ba, ta koma gida zaman jira.

Ta rubuta a allo: debe biyar sukwaya, wato debe biyar sau debe biyar, ashirin da biyar.

"Malama," in ji shi, yana ɗaga kalkuletar sama. "Tawa ta ce debe ashirin da biyar. Shekararta goma sha tara ba ta yi mini ƙarya ba."

Wata ɗaliba mai bakin tsiya a layin gaba ta ce ƙasa-ƙasa, "Yau akwai kallo."

Malama ta san abin da ya faru. Ya danna sukwaya bai saka lambar cikin baka biyu ba, sai na'urar ta ninka biyar ita kaɗai, sannan ta manna mata alamar debewa. Amma wa zai ce wa mutum ya yi kuskure a gaban yara arba'in, alhali biro na hannunsa?

"Ranka ya daɗe, taimaka mana mu koma da baya. Tambaye ta sukwaya rut na debe ashirin da biyar, wato lambar da in ta ninka kanta za ta ba da shi. In dai amsarta daidai ce, ai debe biyar za ta dawo mana da shi."

Ya danna. Ya goge gilashinsa ya sake dannawa.

"Ta ƙi," ya ce.

"Baba, ko batir ne?" in ji mai bakin tsiya.

"Lafiyarta lau," Malama ta yi sauri ta ce. "Gaskiya ta faɗa. Duk lambar da muke aiki da ita a ajin nan, in ta ninka kanta, ba ta sauka ƙasa da sifili. Ranka ya daɗe, gwada mana na farkon da baka biyu, yara su gani."

Ya danna a hankali, ya daɗe yana kallo. Bai karanto amsar ba, ba ta kuma tambaye shi ba. Ta juya ga allo.

Tana cikin rubuta misali na gaba ya ajiye takardar a teburinta, da sa hannunsa da jadawalin aji uku, ya ja ƙofa a hankali ya fita.