Tafireta a Zauren Malam Falalu

Malam Falalu mutum ne da ko a zaune yake ƙafarsa ba ta daina rawa. Shekara goma sha tara yana buga tafireta a wani ofishin makarantu a Karaye, kuma kowace shekara shi ake danƙa wa tambayoyin jarrabawar gwaji ta 'yan aji shida. Ko sau ɗaya tambaya ba ta taɓa fita ba. Ba shi da babbar gona, babur ɗinsa ma sai an tura, amma idan aka yi maganar riƙon amana sunansa ake fara kira, kuma da wannan yake ɗaga kai a gari.

Abin da ya tsana shi ne ofishin. Ɗaki ɗaya, mutum biyar, fanka ta mutu tun bara. Akawuna biyu, Gwadabe da Ɗantala, daga safe har azahar musun ƙwallo suke yi. Mai fura ta shigo, malami mai neman canjin makaranta ya shigo, tsohon masinja Baba Ilu ya biyo da tsintsiya yana cewa a ɗaga ƙafa. Falalu kuwa harafi ɗaya ya kuskure, sai ya zare takardar ya jefa a kwando ya sa sabuwa. Ba ya goge-goge, wai ƙazanta ce.

Da tambayoyin bana suka zo, ya je ya tsaya gaban shugaban ofis, Malam Shitu.

"Ranka ya daɗe, a ɗakin nan ko sunana na ce zan buga sai na yi kuskure. A ba ni kwana uku a gida."

Malam Shitu ya ce ba a taɓa yi ba. Falalu ya koma, ya dawo, ya sake dawowa, har mutumin ya gaji ya ce, "Don kai ne." Ya naɗe tafireta a bargo, ya ɗaure ta a bayan babur, ya nufi ƙauyensu Kwanyawa yana jin kamar an sako shi daga kurkuku.

Kayya! Ya manta da halin mutanensa. Magidanci ya zauna a zaure ranar aiki da hantsi, ai ko ciwo ne ko an kore shi. Kafin ya gama layi uku maƙwabta sun fara sallama.

"Malam Falalu, lafiya dai? Jikin ne?"

"Lafiya lau, aiki nake yi."

"Aiki? A gida? To, Allah Ya kiyaye gaba."

Kowa ya shigo sai Falalu ya ja hannun rigarsa ya rufe takarda, a gaisa, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, a yi maganar ruwa. Wa zai kori dattijo daga zaurensa? Har liman sai da ya zo yi masa jaje.

Washegari ya kwashi kayansa ya koma cikin gida, ƙarƙashin darbejiya. Nan kuma matarsa Safara'u ce ke suyar ƙuli-ƙuli, don gobe kasuwa. Ba ta dame shi da magana ba, ita da ko tari ta yi sai ta ce ya yi haƙuri. Amma ya kasa zama. Ya miƙe, ya zagaya, ya gyara kujera, ya leƙa waje, ya dawo. Ya ci karo da wata kalmar Turanci mai wuya, ya juya zai tambayi Ɗantala yadda ake rubuta ta, sai suka haɗa ido da akuya. Abin ya ba shi haushi, don ya kama kansa yana kewar mutanen da ya gudo dominsu. Kuskure ya yi ta zuwa, shi kuma yana ta zarewa yana jefawa a wani tsohon kwandon kaba da ke gindin bishiyar.

Duk da haka ya gama kafin wa'adi. Da safiyar kwana na uku ya liƙe ambulan, ya miƙa wa Malam Shitu hannu da hannu, ya koma teburinsa yana hura hanci.

"Ku gwada aiki a gida ku ga yadda kai ke hutawa," in ji shi.

Wajen azahar Gwadabe ya dawo daga kasuwa da ƙunshin ƙuli-ƙuli, ya baje a tebur ya ce kowa bismillah. Shi fa komai ya gani a rubuce sai ya karanta da ƙarfi. Ya kalli takardar ƙunshin da mai ya jiƙa, ya fara cikin raha: "Tambaya ta bakwai. Wani manomi yana da awaki..." Sai ya ɗago ya dubi Falalu.

Falalu ya san takardar, ya kuma san ƙulin. Wa ke murɗa shi siriri haka in ba Safara'u ba?

Bai tsaya neman hularsa ba. Ya kutsa kasuwa har rumfar Iya Kande, tsohuwar da ke karɓar ƙulin matarsa tana sayar mata. Farantinta saura ƙunshi huɗu.

"Iya, ina sauran?"

"Ai yau an yi ciniki, ɗan nan. 'Yan garin Rogo sun kwasa, na Yammedi sun kwasa, wani malamin makaranta ma har ya dawo ya ƙara."

Ya bi tashar mota yana leƙa tagogi, ya fizge takarda a hannun wani direba, ya tsinci biyu a ƙasa. Mutane suka fara nuna shi. Daga nan ya hau babur sai Kwanyawa, ya faɗa gida ba sallama.

Safara'u ta tare shi da murna. "Malam, ka ga takardun nan da ka zubar? Wallahi sun fi na buhun siminti kyau. In akwai wasu ka riƙa kawo mini."

Ba ta karanta boko, kuma bai taɓa gaya mata takardun na sirri ne ba. Ya juya ya koma Karaye zuciyarsa na tafasa, bai ma san da wa yake fushi ba.

La'asar ta wuce, amma babu wanda ya tashi daga ofis. Malam Shitu yana tsaye da takardar nan mai maiƙo. Ya ce an soke tambayoyin, za a tsara sababbi, Ɗantala ne zai buga. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi makullin kabad ɗin jarrabawa.

"Ranka ya daɗe," Falalu ya ce, "shekara goma sha tara haka nake yi. A kwando nake jefawa, kuma ko ɗaya ba ta taɓa fita ba."

Baba Ilu ne ya amsa daga bakin ƙofa, a hankali, kamar mai neman gafara.

"Ai ba za ta fita ba, Malam Falalu. Kullum ka tashi nakan kwashi kwandonka in kai bayan ofis in ƙone, in tsaya har ya zama toka. Ranar da ba ni da lafiya Gwadabe ke yi."

Falalu ya dubi Gwadabe. Gwadabe ya sunkuyar da kai.

"Me ya sa ba ku taɓa faɗa mini ba?"

"Mun zaci ka sani," in ji tsohon.

Malam Shitu bai sauke hannunsa ba. Falalu ya laluba aljihu, ya ciro makullin ya ɗora masa a tafin hannu.